Ɗan Yayana Ya Gina Mini Shafi, Yanzu Kullum Sai "Gwaggo Kawo Kuɗi"

Assalamu alaikum Malam. Ni matar aure ce a Kano, ina sana'ar turaren wuta da humra, daga Maiduguri ake kawo mini kayan haɗi. Na daɗe ina ciniki ta WhatsApp da Instagram, kuma alhamdu lillahi ana rufa asiri. Bara ɗan yayana da ya karanta kwamfuta ya ce kasuwata ta wuce haka, sai da shafin intanet. Na ba shi naira 250,000 ya gina, shafin kuma ya yi kyau. Bayan nan ya ce in riƙa ba shi 40,000 duk wata na talla da wani abu wai SEO. Yanzu ya ce in kawo 70,000 na sabunta domen da hostin da SSL, in ba haka ba shafin zai rufe. Duk ƙarshen wata yakan turo mini hoto. Na watan jiya ya nuna ric 62,000, imfireshan 95,000, kilik 700. Ni kuwa waɗanda suka ce ta talla suka same ni har suka saya, mutum huɗu ne. Maigidana ya ce yaron turanci yake yi mini yana cin kuɗina. Zuciyata ba ta yarda ba, don a hannuna ya tashi, amma in na tambaye shi sai ya ce, "Gwaggo, ba za ki gane ba." Ina jin nauyin yayana, ba na son maganar kuɗi ta shiga tsakaninmu. In biya ko in daina?

Daga wata 'yar kasuwa, Kano

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya sa wa kasuwa albarka.

Abin da ya fi tsaya mini a rai cikin wasiƙarki shi ne wannan "ba za ki gane ba". Matar da ke riƙe farashin sandal da hawi da farce a ka, ta san wanda ya tashi da wanda ya sauka, ta fitar da ribarta a kwalba ɗaya ba tare da ta taɓa biro ba, babu kalma ɗaya cikin waɗanda kika lissafo da ta fi ƙarfinta. Babu mai cewa ki koyi gina shafi. Abin da ke kanki shi ne ki san kowace kalma da sunan wa take, nawa ake biya mata, kuma me take kawowa cikin jakarki.

Mu fara da 70,000 ɗin, tunda ita ce a bakin ƙofa. Domen shi ne sunan da ake bugawa a iso shafinki, wanda ke ƙarewa da .com ko .ng. Hostin kuma wuri ne a kwamfutar wani kamfani wadda ba a kashewa dare da rana, a can hotunan turarenki da rubutunki suke ajiye. Ki ɗauka shago ne a Kantin Kwari: domen lambar shagon ce da masu saye suka haddace, hostin shi ne ɗakin da kaya ke ciki, 250,000 ɗin bara kuwa kuɗin kafinta da mai fenti ne. Lambar da ɗakin duka haya ne, ana sabuntawa shekara shekara. To a nan yaron bai yi miki ƙarya ba. Inda ya gaza shi ne bai faɗa miki tun ranar farko cewa akwai wannan hayar ba, kuma samarin wannan sana'a da yawa haka suke yi, don kada mai kuɗi ya ji lissafin ya yi tsawo ya fasa.

Ko kuɗin ya kai haka? Sai an ga rasit. Rajistar duk sunayen .com tana hannun kamfanin Verisign na Amurka, kuɗin sarin kowane suna dala goma da 'yan kai ne a shekara, dillalai su ɗora ribarsu a kai. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 duk abin da ake biya da dala ya yi tashin gwauron zabi, saboda haka in ya ce ya fi na bara tsada, kada ki yi mamaki. In kuwa sunan naki .ng ne ko .com.ng, wannan yana ƙarƙashin NiRA, ƙungiyar da aka kafa a 2005 take kula da sunayen Nijeriya, kuma da naira dillalanta na gida ke karɓa. Na .com.ng ma ya fi sauƙin kuɗi. Hostin shi ne mai matakai, daga ƙarami da ake haɗa shafuka da yawa a kwamfuta ɗaya har zuwa babba na manyan kamfanoni. Shafin turare mai hotuna hamsin ko ɗari ƙaramin ya ishe shi.

A kan SSL ne zan so ki tsaya ki yi tambaya. Shi ne ke sa adireshin shafi ya fara da https, ya kuma rufe abin da mai saye ya rubuta, kamar lambar waya, don kada wani ya tsinta a hanya. Dole ne a same shi, domin tun Yulin 2018 manhajar Chrome, wadda ake buɗe shafukan intanet da ita, take rubuta gargaɗi a kan shafin da ba shi da shi, mai saye kuwa da ya ga gargaɗi sai ya juya. Amma tun 2015 akwai wata ƙungiya, Let's Encrypt, da ke bayar da shi kyauta, kuma yawancin masu hostin suna ɗora shi da kansu ba tare da an ƙara ko kwabo ba. Akwai na kuɗi, gaskiya ne, sai dai ƙaramin shafi irin naki ba ya buƙatarsa. In an sa masa farashi a cikin 70,000 ɗin nan, ki ce a nuna miki wa aka biya.

Duk wannan ƙaramar magana ce a kan wadda ba ki tambaya ba: da sunan wa aka yi rajistar domen ɗin? Wanda sunansa da imel ɗinsa ke kan rajista shi ne mai shi a wurin kamfani, ko da kuwa wani ne ya biya. Abin da ya fi yawa shi ne mai gina shafi ya buɗe komai a akawun ɗinsa, ba da mugun nufi ba, don ya fi masa sauƙi ne kawai, katinsa ne a ciki, imel ɗinsa ne a buɗe. Ranar da ya tafi hidimar ƙasa ko ya sami aiki a Legas, ko wayarsa ta ɓace da imel ɗin a ciki, ko kuka ɗan saɓa, ko ta Allah ta kasance, sunan da kika buga a jikin kwalabe da leda da kati ya tafi tare da shi. Kuma sunan da wa'adinsa ya ƙare ba ya jira har abada. Na .com yakan sami 'yan makonni na alfarma, sannan kwana 30 da ake fanso shi da tara mai nauyi, daga nan a sake shi kasuwa. Akwai mutanen da sana'arsu ke nan, su tsinci sunan da aka saki su sayar wa mai shi da ninkin kuɗi.

Saboda haka kafin ki ba da ko naira ɗaya, ki buɗe imel na kasuwancinki, wanda ke kaɗai kika san kalmar sirrinsa, da lambar wayarki a matsayin wadda za a dawo da imel ɗin da ita in an manta kalmar sirri. Sai ku zauna da yaron, waya a hannunki, ya shiga akawun ɗin kamfanin da ya sayi domen a gabanki. Za ki ga sunan shafin, kusa da shi ranar da zai ƙare, a ƙasa kuɗin sabuntawa a rubuce. Ki rubuta ranar a littafin cinikinki. A canza sunan mai rajista da imel su koma naki. In kuma akawun ɗin nasa ne da yake ajiye shafukan wasu a ciki, sai a buɗe miki naki a tura sunan can; in kamfani za a canza gaba ɗaya, akwai lambar sirri ta canja wuri da shi zai karɓo miki. Hostin ma haka. Sannan shi kansa shafin yana da ƙofar baya da ake shiga a canza farashi da hoto. Mai yiwuwa da WordPress ya gina shi, manhajar da ta fito a 2003, kyauta ce, kuma sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya a kanta suke. Ki ce ya buɗe miki matsayin admin, wato mai cikakken iko. Ko ba za ki taɓa shiga ba, ya kasance kina da shi.

Instagram da Facebook ma ki duba. In ya karɓi kalmar sirrinki don ya yi talla, ki canza ta, ki kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato bayan kalmar sirri sai an sa wata lamba daga wayarki kafin a shiga, sannan ki ba shi izinin aiki ta cikin tsarin kasuwanci na Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook da Instagram da WhatsApp, inda ke ce mai gida shi kuma ma'aikaci, kina iya cire shi da taɓawa ɗaya. In shafin yana karɓar kuɗi da kati ta Paystack ko Flutterwave, ki tabbata asusun bankin da kuɗin ke faɗawa naki ne.

Yanzu hoton ƙarshen wata. Ric shi ne yawan mutanen da tallar ta bayyana a wayarsu. Imfireshan shi ne yawan lokutan da ta bayyana, mutum ɗaya yana iya ganinta sau biyu ko sau biyar, shi ya sa ya fi ric yawa. Wanda yake jan allo da sauri yana neman bidiyon barkwanci, tallarki ta gifta, shi ma an ƙirga shi. Kilik su ne waɗanda suka taɓa, a cikinsu har da wanda babban yatsansa ya zame. Waɗannan lambobin ba na bogi ba ne, sai dai su ne suka fi sauƙin samu, su ne kuma suka fi daɗin nunawa. Lambar da ta shafe ki ita ce wadda 'yan talla ke kira kombashan, wato mutum nawa ne suka yi abin da ake so su yi. A wurinki abin da ake so shi ne a saya, kuma ke da kanki kin ƙirga: huɗu.

Ga lissafin da lambobinki. Taɓawa 700 cikin bayyana 95,000 bai kai ɗaya cikin ɗari ba, wannan shi ne CTR in kin gan shi a rahoto. A ce cikin 40,000 ɗin, 25,000 ne ya tafi wurin Meta, sauran ladan yaron. Kowane taɓawa ya ci kusan naira 36, shi ne CPC. Yana da araha a ido. Amma raba 40,000 gida huɗu: kowane mai saye ya ci miki 10,000. Nawa ce ribarki a kan oda ɗaya? In 3,000 ce, kin yi asarar 28,000 a watan. In kuwa ɗaya daga cikin huɗun mai sari ce da za ta riƙa ɗaukar katan duk wata, ko uwar amarya ce mai haɗa kayan biki, to tallar ta biya kanta har da riba. Wannan ke kaɗai kika sani, ba ya cikin kowane rahoto.

Na ce "a ce" ne domin ba ki san yadda ake raba 40,000 ɗin ba, kuma ya kamata ki sani. Kuɗin talla daban, ladan mai aiki daban. Meta tana fitar da rasit na duk abin da ta cire, kuma tun Janairun 2022 tana ɗora harajin VAT na kashi 7.5 cikin 100 a kan tallar da ake biya daga Nijeriya, shi ma yana cikin rasit. Babu laifi yaron ya ci ladansa, aiki yake yi, kuma ban yarda da gwaggonnin da ke son ɗan ɗan'uwa ya yi musu bauta kyauta ba. Amma a ambaci ladan a fili.

Akwai wani abu da waɗannan lambobi ke nunawa, wanda zai iya zama ba laifin kowa ba. Mutum 700 sun taɓa, huɗu suka saya, sauran ina suka maƙale? Ki tambaye shi wa aka ce wa Meta ta nuna wa tallar, abin da suke kira tagetin. In an bar ta a buɗe ga duk Nijeriya, maza da mata, yara da manya, to kuɗinki ya tafi wurin samarin da ba su san humra ba. Mata a Kano da Kaduna da Abuja, masu shekarun aure da hidimar biki, su ne naki. Sai kuma inda taɓawar ke kai mutum. Ki kashe wayifai, ki buɗe shafin da datar wayarki, ki ƙirga a ranki har ya gama buɗewa. In hotunan an ɗora su da nauyinsu yadda suka fito daga kyamara, za ki ga farin allo na tsawon lokaci, kwalba tana fitowa kaɗan kaɗan daga murfi zuwa gindi. Babu mai jira. In ya buɗe kuma, mai saye za ta tarar da fom, a ce ta rubuta imel, ta sa lambar kati. Matanmu ba haka suke sayen turare ba. So suke su ji muryarki, su tambaya ko yana kama kaya, ko yana da hayaƙi, su nemi ragi, sannan su yi taransifa. Meta tana da tallar da taɓawa ɗaya ke kai mutum kai tsaye cikin WhatsApp ɗinki. Ni da ita zan gwada wata guda, da rabin kuɗin, kina tambayar duk wadda ta yi sallama a ina ta gan ki, kina rubutawa.

SEO kuwa gyaran shafi ne don Google ya riƙa nuna shi a sama in an nemi abu, ba tare da an biya talla ba. Aiki ne na gaske: a rubuta kalmomin da mutane ke nema, irin "turaren wuta Kano" ko "humrar amare", a sa wa kowane hoto bayani, a rage nauyin shafi, a samu wasu shafuka su ambace ki. Yana ɗaukar watanni kafin a ga tasiri, kuma Google da kansa ya ce babu wanda zai iya lamunce wa kowa matsayi na ɗaya. Matsalarsa ita ce ba a ganinsa da ido, don haka ya fi kowace kalma sauƙin fakewa. Maganin wannan kyauta ne. Akwai Google Search Console, yana nuna kalmomin da aka nema aka gan ki da yawan waɗanda suka shigo ta nan. Ya buɗe miki shi, ya kuma faɗa miki da baki abin da ya taɓa a shafin cikin watan. Ƙaramin shafi da ba a ƙara masa sabon rubutu, yawancin gyaransa sau ɗaya ake yi, ban ga dalilin biyansa kowane wata ba.

Sauran kalmomin da za ki ji a bakinsa ba su da nauyi. Furon-en fuskar shafin ce da mai saye ke gani, bak-en kuma injin da ke baya. Tim tsarin ado ne, fulogin ƙarin kayan aiki ne da ake liƙawa, wasu kyauta wasu na shekara. A nan tambaya ɗaya: na kuɗin, saya aka yi ko na sata aka sauko da shi? Na satan yakan zo da ƙwayar cutar kwamfuta a ciki. Tirafik yawan masu shigowa ne. Bakof kwafin shafin ne da ake ajiyewa saboda ɓacin rana. Ki ce a ba ki ɗaya.

To, a biya ko a daina? Domen ki biya, ko da za ki rufe komai, domin sunan kasuwarki ne kuma shi ne mafi arha a lissafin. Hostin ki biya bayan kin ga rasit, a sauko ƙaramin mataki in an hau babba. 40,000 ɗin da kike biya duk wata ki dakatar har sai an raba miki shi gida biyu an buɗe miki abin da na ambata. Kuma ki sani shafin bai zama asara ba ko da ba a saye a cikinsa. Ranar da Instagram ta rufe akawun ɗinki, abin da ke faruwa da 'yan kasuwa ba tare da sanarwa ba, shafin ne kaɗai wurin da ba mai korar ki. Mai sari daga Yamai ko Kumasi da ba ta taɓa ganinki ba ita ma hankalinta ya fi kwanciya in ta ga kina da shi.

Saura yadda za ki yi maganar. Kada ki fara da yayanki, kuma kada maigida ya shiga tukuna, don da ya buɗe baki yaron zai ji an kira shi ɓarawo. Ki kira shi gida, ki ba shi abinci, ki ce masa kasuwa ta fara girma kina son komai nata ya koma rubuce da sunanki, saboda rai da ajali, kuma kina son ki yanka masa lada tsayayye don kada ki riƙa cin guminsa. Duka biyun gaskiya ne. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. In ya sake cewa ba za ki gane ba, ki yi murmushi ki ce, "To ɗana, ai shi ya sa na kira ka, nuna mini a wayar." Ina kyautata zaton zai nuna, wataƙila da ɗan jin kunyar wani abu da ya ƙara a lissafi. In kin ga ƙarin ba mai yawa ba ne, ki kau da kai, ki gyara gaba. Maigida kuma ki gaya masa yana da rabin gaskiya: an bar ki cikin duhu, amma ba a tabbatar an ci kuɗinki ba.

In ya yi ta yawo da hankalinki, yau babu caji gobe ya manta kalmar sirri, har mako biyu, to lokacin yayanki ya yi. Ki je masa da buƙata ɗaya tak, a mayar da rajista sunanki, ba tare da kin ambaci kuɗin da suka wuce ba. Kafin nan ki adana shaidar taransifar da kika yi masa da saƙonnin da kuka yi a kan shafin, ki kuma sa wani ya duba miki ranar ƙarewar sunan a shafin binciken rajista na ICANN, hukumar da ke kula da tsarin sunayen intanet na duniya, in .com ne, ko na NiRA in .ng ne, don ki san kwana nawa suka rage miki.